Shagon ɗora Linux a Damagaram: abin da ya iya da inda ya gaza

Salamu alaikum ƴan uwa. Tunda Windows 10 ta daina samun mizajur na tsaro ranar 14 ga Oktoba 2025 tambaya guda ake ta jefo mini a WhatsApp, wai ina za mu kai tsofaffin odinatocinmu, don Windows 11 sai na'urar da ke da TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro na cikin odinata, da furosesa na kwanan nan, mu kuwa nan Zinder kusan duk abin da ke hannunmu okaziyo ne, irin HP da Dell da Lenovo ɗin nan da ake shigowa da su ta Kano, wasu ma har da tambarin ofishin Turan da ya gama aiki da su manne a bayansu. Ni sana'ata sezi da fotokopi, ɗalibai ke kawo mini memuwar ina buga musu, ke nan in na'ura ta tsaya tukunyar gidana ta tsaya. Akwai wani ɗan shago ta wajen Sabon Gari da ke ɗora ma mutane Linux, sistem ɗin da ake sawa a madadin Windows wanda tsofaffin odinatoci ke iya ɗauka, na yi hulɗa da shi a kan na'urata da ta ƙanwata da kuma ta wani abokina, shi ne na ce bari in rubuta sau guda kowa ya karanta. Ba talla ba ce, mai shagon bai ma san ina rubutawa ba, shi ya sa ba zan kama suna ba.

Abu na farko da nake so a gane, ɗora Linux ɗin kanta ba ita ce wahalar ba. Duk yaron da ke da kile USB da ɗan wayo zai ɗora maka cikin abin da bai kai awa ba. Wahalar tana zuwa ne bayan nan, lokacin da ka koma gida ka ce to bari in sa VLC, in sa QGIS na aikin taswira, in sa direban firinta, sai ka je intanet ka tarar wannan ya ce rubuta apt, wancan ya ce dnf, wani ya ce pacman, wani ya ce a'a sauke Flatpak, kai kuma forfe ɗinka na jiga ɗaya yana ta zurarewa ba ka san wanne ne naka ba. A nan ne ake gane mai gyara na ƙwarai, kuma a kan wannan na auna shagon.

Dalilin ruɗanin shi ne Linux ba abu guda ba ce, gida-gida ce. Ƙwayar cikin dai guda ce, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, amma kowane gida da yadda yake ƙunshe manhajojinshi. Gidan Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, ƙunshinsu .deb ne kuma da apt ake sawa, daga cikinshi Ubuntu ta fito a 2004, daga Ubuntu kuma Linux Mint ta fito a 2006. Gidan Fedora da Red Hat nasu .rpm ne da dnf, openSUSE ita ma .rpm amma da zypper, Arch kuma pacman. Kamar dai piyes ɗin babur ne, duka babura ne duka suna kabu-kabu amma piyes ɗin wannan marka ba ya zama a wancan ko da ido ya ce iri ɗaya ne. Har sunaye ma ba sa haɗuwa, abin da Debian ke kira apache2 Fedora httpd take ce mishi, kayan haɗa manhaja da ake kira build-essential a Ubuntu a Arch base-devel ne. Mai shagon ya san duk wannan kuma abin da ya burge ni bai yi mana dogon wa'azi ba, tambaya uku kawai ya yi, me za ka yi da na'urar, RAM ɗinta nawa, kana da wifi a gida ko da salula kake pataje. Daga amsar nan yake yanke abin da zai ɗora.

Kusan kowa Mint yake ɗora ma, in na'urar ta tsufa sosai ya sa mai Xfce, wato nau'in Mint mai fuskar allo marar nauyi, don ta fi sauƙi. Hujjarshi mai ƙarfi ce, Mint 22 a kan Ubuntu 24.04 aka gina ta kuma za a ci gaba da kula da ita har 2029, ke nan ba kowane wata shida za ka dawo a sake maka sistem ba. In kuma tsohuwar na'ura ce mai 32 bit, wadda Ubuntu da Mint suka daɗe da daina fitar ma da sabuwa, yana da antiX a cikin kile ɗinshi. Kile ɗin ma Ventoy ya sa mata, fayilolin ISO da yawa a kile guda, in ya kunna sai jeri ya fito ya zaɓi wadda yake so.

Amma abin da ya sa nake ce ma mutane su je wurinshi ba wannan ba ne. Ƙarƙashin teburinshi akwai wata tsohuwar unite santaral da ƙurar hunturu ta yi ma ja, ba ekaran ba kilabiye, waya guda ce kawai ta fito daga bayanta zuwa wani ɗan suwic, akwatin da ke raba wayoyin rezo. Cikinta ya sa apt-cacher-ng. Aikinta shi ne duk ƙunshin .deb da wata na'ura ta taɓa saukewa ta hanyarta sai ta ajiye kwafi, in wata na'urar ta zo neman abu ɗaya ba sai an sake jawo shi daga Turai ba, daga ƙarƙashin teburin zai fito. Wallahi ranar da aka ɗora ma na'urar ƙanwata na tsaya a kanta ina kallo. Ita tana karatun jewogarafi a jami'ar André Salifou, malaminsu ya ce kowa ya zo da QGIS, kuma QGIS ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana jawo tarin wasu ƙananan ƙunshi da ya dogara da su, na Python da na Qt da GDAL da sauransu, jerin ya cika baƙin allon har ya gangara. Mai shagon ya soka mata wayar rezo a gefe, ya rubuta sudo apt install qgis, ya danna, sai ga layuka suna gudu kamar ba Zinder muke ba, kafin mai shayin ƙofar shagon ya juyo mana zagaye na biyu an gama. Ya ce mata, ƙanwata wannan ɗalibai da yawa sun riga ki ɗauka, ke kin tarar da shi a gida ne. Ɗan abin da aka taɓa na intanet bai wuce sabunta jerin sunayen ƙunshin ba. Wanda ya taɓa zama tsakar dare yana jiran forfe na dare ya sauke mishi abu, rezo na ɗaukewa yana dawowa, shi zai san darajar wannan.

Na'urar tata ma da farko wifi ɗinta bai tashi ba, irin katin nan ne da sai an sa mishi direba na daban, kuma matsalar da ke kama mutane ke nan, kana buƙatar intanet ka sauke direban da zai ba ka intanet. Shi ko a jikinshi, ta wayar rezon ya jawo direban, ya kuma nuna mata yadda za ta haɗa salularta da kabul na USB ta yi pataje in hakan ya sake faruwa bayan wani mizajur.

Wajen aikina na sezi kuwa nan ya ƙara samun maki. Duk mai buga memuwar ya san dokar, Times New Roman 12, kuma in ka buɗe fayil ɗin Word a LibreOffice, madadin Word da ke zuwa da Mint, babu harafin a na'urarka sai shafuka su goce, tebur ɗin da ke shafi na 40 ya koma 41, somer ya rikice, ɗalibi ya zo yana maka ihu ana gobe sutunans. Ya bayyana mini cewa Liberation Serif da ke zuwa da sistem faɗin haruffanta daidai yake da na Times New Roman, Carlito kuma daidai da Calibri, ya sa mini fonts-crosextra-carlito, sannan ya ƙara ttf-mscorefonts-installer don ainihin Times da Arial ɗin, ya sa libreoffice-l10n-fr da hunspell-fr don menu ya koma Faransanci kuma ya riƙa ja ma kuskure jan layi. Firintata HP ce, hplip ya sa ta kama nan take. Sannan da na ce ina buga takardun Hausa jefi-jefi sai ya shiga wajen kilabiye ya ƙara mini tsarin Hausa da ke cikin Linux tun asali, mai ɓ da ɗ da ƙ, sai dai a kan QWERTY aka tsara shi, mu da hannunmu ya saba da AZERTY sai an ɗan yi haƙuri kafin yatsu su saba. Ba zan ce komai ya zama daidai da Word ba, fayil mai hotuna da yawa da akwatunan rubutu har yanzu yakan ɗan motsa, shi ma bai ɓoye mini ba, ya ce in an gama a mai da shi PDF kafin a kai wani wuri bugawa.

Sai maganar Flatpak da Snap da AppImage, waɗannan ukun an yi su ne don manhaja guda ta yi aiki a kowane gida ba ruwanta da .deb ko .rpm. A takarda abin ya yi kyau. Amma mai shagon yana ja ma mutane kunne a kansu kuma ina bayanshi ɗari bisa ɗari, don waɗanda suka tsara su ba su da matsalar forfe irin tamu. Flatpak in za ka sa manhaja ta farko sai ta jawo wani babban tushe da za ta zauna a kai, na GNOME ko KDE ko Freedesktop, ɗaruruwan mega ne, ko da manhajar kanta ƴar ƙarama ce. Gaskiya ne manhajojin da za su biyo baya suna raba tushen nan in iri ɗaya suke nema, amma na farkon nan shi ke cinye kuɗin. A cikin manajan manhajoji na Mint kuma abu guda yakan fito sau biyu, na rumbun sistem da na Flathub, rumbun Flatpak, ya nuna mini inda ake duba wanne ne wanne da inda ake ganin nauyin abin da za a sauke kafin a danna, ya ce Malam in dai akwai na sistem ɗauki na sistem, sai in lalle sabon fitowa kake buƙata. Snap kuma na kamfanin Canonical ne masu Ubuntu, tun daga Ubuntu 22.04 ko ka rubuta apt install firefox Snap ɗin za a sa maka, kuma Snap yana duba mizajur da kanshi sau huɗu a rana ya sauke ba tare da ya tambaye ka ba, sai in ka dakatar da shi da snap refresh --hold. Mint tun daga ta 20 ta rufe Snap tun asali, Firefox ɗinta .deb ne, wannan na cikin dalilan da ya sa ya fi son ta a nan.

AppImage shi ya fi dacewa da rayuwarmu a ganina, fayil guda ne, ka kwafa a kile ka kai ma abokinka, ya ba shi izinin aiki ya danna sau biyu shi ke nan. Yana da wani dosiye cike da su, ciki har da Kiwix mai karanta Wikipedia ba intanet. Kuma ya san tarkon da ke ciki, a sababbin Ubuntu AppImage da yawa ba sa buɗewa sai an sa libfuse2, a 24.04 ma sunan ya koma libfuse2t64, to yana sawa tun kafin ka bar shagon. Illarshi guda yawanci ba ya sabunta kanshi, kuma ba wanda ya tantance maka shi kamar yadda ake sa hannu a ƙunshin rumbun sistem, ke nan amanar wanda ya ba ka ce kawai.

To yanzu inda ya gaza, don akwai, kuma ba ƙanana ba ne.

Abokina ya zo da na'urar da wani ɗan uwanshi ya aiko mishi daga waje da Fedora a kai, yana so a sa mishi abin kallon bidiyo da wasu kayan koyon progaramasiyo. Nan na ga iyakar shagon. Mai shagon ya san dnf, ya san sai an ƙara rumbun RPM Fusion kafin a samu wasu kodek ɗin bidiyo, amma na'urar ƙarƙashin teburin ba a shirya ta don .rpm ba, komai sai daga intanet kai tsaye, kuma Fedora duk wata shida take fitar da sabuwa, kowacce wajen wata 13 ake kula da ita, tashi kuwa ta riga ta wuce wa'adi, sai an ɗaga ta gaba tukuna, abin da zai ci jiga da yawa. Maimakon ya zauna ya lissafa mishi kuɗin hanya biyun ya bar shi ya zaɓa, kai tsaye ya ce a fomate a sa Mint. Ƙila ma shawarar daidai ce, amma yadda ya faɗe ta kamar ba wata hanya bai yi mini ba, na'urar mutum ce, akwai fayilolinshi da saitin ɗan uwanshi a ciki. Yaron shagon kuma har ya fara cewa ai akwai alien mai juya .deb ya koma .rpm, a ɗauko na cikin ajiya a juya, sai da maigidan ya kwaɓe shi, don juya ƙunshin ba ya juya sunayen abubuwan da ya dogara da su. In Arch ko ƴar gidanta Manjaro gare ka ma kada ka wahalar da kanka zuwa, ya faɗa da bakinshi ba ya taɓa su, wai sistem ɗin da kullum cikin mizajur yake kuma ba a sabunta rabi a bar rabi bai dace da mai sayen forfe ba. A nan kam ban ga laifinshi ba. Haka samarin da ke zuwa a sa musu Kali don sun ga ana nuna ta a TikTok, yakan ce ƙanena wannan ta masu gwajin tsaro ce, ba ta zaman yau da kullum ba, in kana so in sa maka ita a kile ka yi wasa da ita.

Laifi na biyu ya fi ba ni haushi don sakaci ne tsantsa. Don na'ura ta riƙa ɗauka daga ajiyar shagon sai an rubuta mata adireshin na'urar teburin a wani ɗan fayil cikin /etc/apt/apt.conf.d/, mai nuna ƙofa 3142. In an gama dole a cire shi. Yaron shagon bai cire a na'urar ƙanwata ba, ta koma gida ta zo sa Zotero, mai tsara jerin littattafan bincike, da wasu abubuwa, apt ya ƙi, yana ta neman wata na'ura da ke can Sabon Gari ƙarƙashin tebur, jajayen saƙonni kawai, yarinya ta ɗauka na'urar ce ta lalace ga aiki an ba su. Sai da ta hau kabu-kabu ta koma cikin ranar nan ta Damagaram, aka goge layi guda a cikin minti ɗaya. Ba a karɓi ko dala ba, an ba ta haƙuri, amma kuɗin babur da ranar da ta ɓata fa? Wanda ke yin aikin nan kullum ya kamata a ce yana da takardar dubawa manne a bango.

Sannan modepas. Kowa 1234 ake sa mishi wai in ya je gida ya canza, kuma mun san ba mai canzawa. A Linux modepas ɗin nan shi ne na sudo, wanda ya san shi ya mallaki na'urar gaba ɗaya. Ya kamata a juya ma mutum kilabiye ya rubuta nashi da hannunshi tun wajen ɗorawa. Haka kuma ba ya rubuta ma mutum abin da ya sa mishi, musamman rumbunan waje irin PPA da yakan ƙara don a samu sabon fitowar wata manhaja, alhali su ne ke fara kawo rikici ranar da za a ɗaga sistem zuwa na gaba, in wani mai gyaran ka kai ma sai ya yi ta lalube. Ni da na matsa ya rubuta mini a bayan wata takardar fotokopi, amma sai da na roƙa.

Wurin kanshi ƙarami ne, benci guda, in ɗalibai suka taru lokacin rantire sai ka tsaya waje. In kuran ya ɗauke yana da batir da ke riƙe na'urar ajiyar da suwic, wannan ya yi dabara don yankewar wuta tsakiyar sa ƙunshi na barin dpkg, mai girka ƙunshin .deb, a rataye sai an bi da dpkg --configure -a, amma fanka ba ta juyawa, a watan Afrilu zaman ciki sai mai haƙuri. Alkawarin lokaci kuma irin na masu gyara ne, in ya ce bayan azahar ka zo bayan la'asar.

Kuɗi, ni jika uku na biya na ɗora sistem da duk manhajojin da na lissafa, ƙanwata ya rage mata don ɗaliba ce, in kuma manhaja kawai za a ƙara maka a na'urar da ke da Mint ko Ubuntu ko Debian abin da yake karɓa bai kai kuɗin forfe ɗin da za ka ƙona a gida ba. Kwashe fayiloli kafin fomataj kuɗinshi daban, kuma ka zo da dis naka, nashi kullum a cike yake.

Wanda aikinshi ya rataya a kan wata manhajar Windows da ba ta da madadi, irin wasu na kontabilite ko na buɗe salula da masu gyaran waya ke aiki da su, ya faɗa mishi tun a bakin ƙofa, zai gaya maka gaskiya in ba za ta yi ba, na ji ya mai da wani Alhaji da na'urarshi a kan haka bai karɓi komai ba. Sauran mu masu rubutu da lissafi da taswira da kallon bidiyo, ku je, amma ku rubuto jerin duk manhajar da kuke so tun daga gida don a sa muku gaba ɗaya kuna kan wayar shagon, ku sa modepas ɗinku da kanku, kuma kafin ku miƙa kuɗi ku ce a zare wayar rezon, ku haɗa da salularku, a rubuta sudo apt update a gabanku ku ga ya wuce ba jan saƙo.